Baban Labule

Yayata ta fi shekara ashirin tana ɗinkin labule a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran fanka da mai faci. Keke biyu gare ta, ɗaya ma sai an lallashe shi. Mace ce marar son surutu, kullum da allura a baki, in ka gaishe ta da hanci take amsawa. Da aka toshe layinsu saboda aikin titi, masu saye suka ɗauke ƙafa, har ta fara zancen sayar da kekunan.

'Yarta ce ta buɗe mata shafi a babban dandalin nan na sada zumunta da kowa ke ciki. Da farko ba wanda ya kula. Labule dai labule ne, wa zai tsaya kallonsa a waya? Sai wata rana suna ɗaukar bidiyo a falo, mijinta, tsohon direban bas da ciwo ya zaunar, ya leƙo daga kujerarsa ya ce, "Wannan kalar ko akuya aka rataya wa a ɗaki sai ta yi ƙaura." Suka manta ba su yanke wurin ba.

Kafin mako ya zagayo, waya ta hana Yaya cin abinci. Mutane daga garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba suna cewa a aiko musu da "wanda akuya ta ƙi". Suka raɗa wa tsohon suna Baban Labule. Shi kuwa abin nema ya samu, don da ma bakinsa ba ya da birki. Duk labulen da ya kushe, shi ke fara ƙarewa.

Yaya ta mayar da aikin gida, ta ƙaro kekuna, ta ɗauki mata huɗu, biyu daga cikinsu zawarawa masu 'ya'ya. Ta kuma koyi dabarar masu sana'ar. Ranar da Baba ya tashi da ƙarfi kuma haske ya yi kyau a falo, sai a ɗauki bidiyo da yawa a zama ɗaya, ana sauya masa hula da riga, a adana, a riƙa saki ɗaya bayan ɗaya. Na sha yi mata tsiya cewa ta mayar da miji ɗan talla. Shi yake amsa mini: "Ke ƙanwa, hassada ce. Wa ya san ki?"

Ya rasu da damina. Aka kai shi garinsu, can aka binne shi. A wurin zaman makoki Yaya ta bi dangi ɗaya ɗaya tana roƙo kada kowa ya saka ta'aziyya a dandalin. Na ɗauka kunya ce, har na yaba mata a raina.

Bayan 'yan makonni ina cikin motar haya, matar da ke kusa da ni ta fashe da dariya. Na saci kallon wayarta. Sai ga Baba da shuɗiyar hula, yana ɗaga wani labule mai furanni yana cewa a kai wa makiyi. An saka bidiyon da safiyar ranar. A ƙasa mutane sun yi layi: "Baba, Allah ya ƙara lafiya." "Baba ya yi ƙiba!" Kuma ana amsa musu da "Amin, na gode." Na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Ban ko yi sallama ba na faɗa falon Yaya. Kekuna na ta gudu, kujerarsa na nan a inda take, an tara yadi a kai. Na ja Yaya zuwa kicin.

"Yaya, kin haukace ne? Mutumin da muka kai da hannunmu?"

Ta cire allurar daga bakinta. "Rage murya."

"Ba zan rage ba! Wa yake amsa musu amin ɗin?"

"Ni."

Ta ce ai ta gwada. Mako guda ta saka labule zalla, ba Baba, ko mutum ɗaya bai yi oda ba, sai tambaya, ina Baba, ina Baba. Duk wanda ya san gaskiya ya rubuta, 'yarta na gogewa kafin a gani. Ta nuna falo da haɓa. "Waɗancan huɗun, ke za ki ciyar da 'ya'yansu? Ba labulena suke saye ba, ƙanwa. Ashe tun farko ba shi suke saye ba."

"To in bidiyon suka ƙare fa?"

Ta mayar da allurar bakinta. Na zo da faɗa cike da baki, amma tsoro ne ya kama ni, don ban taɓa ganin idon Yaya a bushe haka ba.

Muna tsaye aka yi sallama. Wata mata ce da jakar tafiya, ta zo karɓar odarta daga nesa, ta ce ba za ta yarda a aiko ba, sai ta ga Baba ido da ido. Ta zaro sabuwar sanda mai kan azurfa daga leda. Ta ce lokacin da take jinyar mahaifiyarta a asibiti, bidiyonsa kaɗai ke sa tsohuwar dariya.

Kekunan suka tsaya, duka huɗun. Ba wadda ta ɗago kai.

Yaya ta goge hannu a zaninta, ta karɓi sandar da hannu biyu. Na zuba mata ido, ina ji kamar in roƙe ta da baki ta faɗi gaskiya.

"Barci yake yi," in ji ta.

"Ayya, kada a tashe shi," matar ta ce cikin raɗa. Ta cire takalmanta don kada su yi ƙara, ta lallaɓa ta zauna a bakin tabarma, ta ce ba komai, ba ta sauri, za ta jira.