Ni na Karɓo Fasfonta da Hannuna

A shekarun nan da kuɗin man fetur ya cika Najeriya, ni saurayi ne ɗan Kano, ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Landan. Na daɗe a ƙasar har an ba ni izinin zama na dindindin. Ina haya a Woolwich, ɗaki biyu da kicin, kuma gaskiya kaina ya ɗan yi girma. Duk ƙarshen mako sai in hau jirgin ƙasa zuwa Charing Cross in tarbi abokan da muka yi makaranta tare, waɗanda suka zama manyan ma'aikata a gida, sun zo sayayya aljihu cike. Ni ne ɗan jagora, ni ne mai riƙe musu kaya, amma ban taɓa yarda su gane cewa albashina na wata bai kai abin da suke kashewa a yini ɗaya ba. Na rubuto muku ne domin wannan hali nawa na yi don ganin ido shi ya raba ni da matata, ga shi kuma ina ganin yaran yanzu suna bin sawuna.

Ita 'yar zangon Kumasi ce. Ta zo da bizar baƙi ta 'yan watanni don ta taya yayarta reno a Abbey Wood, a gidan na fara ganinta ranar wani suna. Hausarta ce ta fara ba ni dariya, ko mace take nufi sai ta ce ya zo, ya tafi, in na tsokane ta sai ta ce ai ni ma Turancina Kananci ne. Mai sanyin hali ce, amma in ta faɗi magana tana nan inda ta ajiye ta. Ba a daɗe ba iyayenta suka amince, aka wakilta mijin yayarta, malam ya zo gidan yayar aka ɗaura, aka raba goro da dabino. A wurina magana ta ƙare, na yi aure.

Mijin yayar nan, dattijo ne mai natsuwa, ya ja ni gefe tun a ranar. Ya ce ɗaurin auren falo bai isa a idon hukumar ƙasar ba, sai mun je ofishin rajista an ba mu takarda, sannan in aika da fasfonta a canza mata matsayin zama tun bizarta ba ta ƙare ba. Ya kuma ce in bar ɗan ajiyata a banki kada in taɓa, don za su so su ga ina da abin riƙe mace. Na ce to, amma a raina ina cewa wane Bature ne zai gaya mini matata ba matata ba ce. Kuɗin rajistar kansa bai kai na takalmi ba. Abin da ake buƙata shi ne in ɗauki hutun yini ɗaya, ni kuwa lokacin ina ta aikin ƙarin lokaci don in biya bashin lefe. Domin na haɗa lefen kece raini, leshi da gwal da agogo, na aika rabi Kumasi a nuna wa dangi. Ajiyar banki kuwa na kwashe ta na tura wa yayana a Kano ya saya mini fili, saboda duk abokaina sun saya.

Matata ta tuna mini ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Takan ɗauko fasfon ta nuna mini hatimin, ta ce lokaci fa yana tafiya. Ni kuwa sai in ce mako mai zuwa, in ta matsa in ce ko ta gaji da ni ne take neman takardar Turawa. Sai ta mayar da fasfon ta ajiye. Haka bizar ta ƙare muna zaune, ko a jikina.

Sai da ta sami ciki hankalina ya dawo. Muka je aka yi rajistar, na nemi wani lauya ya aika da takardun da fasfon. Lauyan bai ɓoye mini ba, ya ce mun makara, kuma auren da aka yi wa rajista bayan biza ta ƙare yakan jawo zargi. Duk da haka ya ce akwai fata, in dai za mu yi haƙuri. Sharaɗi ɗaya ya jaddada: kada ta bar ƙasar, kada kuma mu nemi a dawo da fasfon kafin a yanke hukunci, don yin haka daidai yake da janye buƙatar.

Watanni suka shuɗe ba amsa, ciki ya tsufa. Sai ga saƙon surukata a kaset, irin wanda ake aikowa ta hannun matafiya, tana cewa haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, a turo mata 'yarta ta yi mata wankan jego da hannunta. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne matata ba ta so tafiyar ba. Ta ce yayarta za ta iya yi mata wankan a nan, ruwan zafi dai ba ya ƙarewa a Landan, ta ce jikinta yana ba ta in ta fita ba za ta dawo ba. Amma ni na ji raɗe-raɗin cewa a zango ana faɗin wai kuɗin jirgi ne ya gagare ni. Wannan maganar ta hana ni sukuni. Na ci bashi na sayi tikiti, na je da ƙafata na nemi fasfon, lauya yana roƙona ina kunnen uwar shegu da shi. A filin jirgi ta riƙe hannun rigata tana kuka, ni kuwa ina ce mata da an yi arba'in za ta dawo.

Ta haifi mace. Na aika da rago biyu da atamfofi, duk da kuɗin bashi, kuma don in samu in biya sai na saki gidan nan na koma ɗaki ɗaya a gidan wani mutum. Da ta je neman bizar dawowa, aka ga ta taɓa wuce wa'adi, aka tambayi ina za ta zauna da jaririya, me mijinta ya ajiye. Ba ni da gida, ba ni da ajiya. Aka ƙi. Muka ɗaukaka ƙara, aka sa mu a layin jira. Ban ga laifin kowa ba, abin da aka gaya mini tun ranar farko shi aka tambaya.

Kuma ko a nan da sauran gyara da na so. Ta aiko mini da kaset, ina jin kukan yarinyar a bayan muryarta, ta ce in bar Landan in zo in ɗauke su mu tafi Kano, ko a ɗaki ɗaya za ta zauna da ni. Aiki a lokacin ba ya wuya a gida ga mai irin sana'ata. Amma na kasa. Yaya zan sauka a Kano ba mota, ba gini, sai bashi? Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan in tattara. Kaɗan ɗin nan ya cinye shekaru. Daga ƙarshe mahaifinta ya aiko mijin yayarta ya same ni, ya ce 'yarsu ba za ta tsufa tana jira ba, in sauwaƙe mata. Dattijon bai tuna mini da gargaɗinsa ba, ya zauna kawai yana kallon ƙasa har na gama rubuta takardar sakin. Na yi kuka ranar kamar ƙaramin yaro.

Ta yi wani aure, mutumin kirki, shi ya riƙe 'yata. Da auren 'yar tawa ya tashi aka aiko mini don girmamawa, na je Kumasi. Hakkina ne in yi mata waliyyi, amma da na ga yadda take kiransa Baba, ni kuma tana durƙusa mini gaisuwar baƙo, sai na ce shi ya yi. Na zauna a cikin taro, aka zo rabon goro aka ba ni nawa kamar kowa.

Don haka ina roƙon duk wanda ya auro mace daga wata ƙasa: kafin lefe, kafin walima, ka duba ranar da ke jikin fasfonta, ka ware abin da takardunta za su ci ka ajiye gefe, kuma kada maganar mutane ta sa ka fitar da ita ana tsakiyar aiki. Waɗanda na yi don su gani, ko ɗaya bai san yadda muka ƙare ba, babu ma wanda ya tambaya. Ita ce kaɗai ta gaya mini gaskiya tun da wuri, kuma ita na sa a jirgi.