Motar da Ta Yi wa Iya Tsayi

Ka taɓa ganin mutumin da ya je sayen mota da tef na awo a aljihu? In ba ka taɓa ba, to ba ka san Mai Gilashi ba.

Sana'arsa yankan gilashin tagogi da madubai. Shagon nasa ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya an shimfiɗa masa tsohon bargo, gilasai jingine da bango, ɓarɓashi na ƙara a ƙarƙashin takalmi. A wannan aiki in ka rage rabin inci ka yi asarar falle guda, don gilashi ba a yi masa ƙari. Shi ya sa awo ya shige masa jini. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, idonsa na kan tagarsu yana ƙiyasta faɗinta.

Su shida ne a gida: shi, matarsa, yara uku, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Iya. Suna da wata tsohuwar ƙaramar mota mai cin mutum biyar, ƙasa-ƙasa da ita kamar ta durƙusa. Iya a gidan gaba, matar da yaran a cushe a baya. Babban aikin motar shi ne ƙarshen wata, lokacin da yake kai Iya wajen ƙanwarta, Inna Ƙarama, a wani gari can gaba. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Iya tana fama da ciwon gwiwa, amma ta san yadda take shiga motar: ta juya mata baya, ta zauna, ta jawo ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Wannan akwalar taka, wata rana sai mun ƙarasa da ƙafa."

Da cikin matarsa ya fito, lissafi ya canza. Shida za su zama bakwai. Ya ce jif zai saya, ta hannu, mai kujera bakwai, kuma ba zai ci bashin kowa ba. Zai sayar da akwalar ya haɗa da abin da ya tara.

Ya ɗauko abokinsa bakanike suka shiga filin dillalai. Motoci uku suka tsaya a kansu. Fara ta fi kyau, amma bakanike ya saurari injinta ya ce, "Wannan da tankar mai za ka riƙa yawo a bayanta." Baƙa ta fi araha, sai da Mai Gilashi ya kwanta a ƙasa ya leƙa ya ga tsatsa ta ci ƙarƙashinta. Ta ukun mai ruwan toka ce, ƙatuwa, doguwa, da manyan tayoyi. Bakanike ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya tara hannu a bakin salansa, ya taka birki, ya gyaɗa kai.

Sai Mai Gilashi ya zaro tef. Ya auna faɗin motar don ya san za ta shiga get ɗinsa, ta shiga da saura inci biyar. Ya auna kujerar tsakiya, ya auna wurin ƙafa a kujerun ƙarshe, ya auna but.

Dillali ya riƙe ƙugu yana kallo. "Ranka ya daɗe, riga za ka ɗinka mata ne?"

"Ka bar ni. Ku dillalai har tsawon mota kuna iya ƙarawa da baki."

"Wallahi wannan ko likita ba zai same ta da ciwo ba. Wata hajiya ce ke hawanta, daga gida sai kasuwa."

"Duk motocin filin nan hajiyar nan ce ta hau su," in ji bakanike. "Baiwar Allah ba ta hutawa."

Da ya koma gida ya zayyana wa matarsa komai, lita nawa take sha, taya nawa ke son canji. Ta ce, "Baban yara, kafin ka biya, ka kai Iya ta gan ta mana."

"Iya me ta sani a mota? So nake ta fito kawai ta gan ta a ƙofar gida."

Haka kuwa aka yi. Ranar da ya kawo ta, yara suka ɗare ciki suna faɗa a kan kujerun ƙarshe. Maƙwabta suka fito ana ta Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare. Iya ta fito tana dogara sanda, fuskarta cike da murna. Ya buɗe mata gidan gaba da kansa. Ta juya wa motar baya yadda ta saba, za ta zauna, sai ta ji kujera a tsakiyar bayanta. Ta juyo ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a rabin hanya. Ta sake gwadawa da ɗayar. Ya tsaya yana kallon tazarar da ke tsakanin ƙasa da bakin ƙofar, inda tef ɗinsa bai taɓa zuwa ba.

Don kada murna ta lalace, ya sunkuya ya ɗaga ta cak. Takalminta ɗaya ya faɗi, mayafinta ya zame. Wani maƙwabci, ba da mugun nufi ba, ya ce, "Yau Iya ta hau bene!" Aka yi dariya. Suka zaga unguwa suka dawo. Saukowa ta fi hawa wuya. Da ƙafarta ta dira, gwiwar ta amsa, ta saki ƙara, ta riƙe ƙofa har zafin ya lafa.

A ɗakinta, yana shafa mata magani, ta ce, "Ni na goye ka. Ba za ka ƙara ɗaukata kamar buhu a gaban mutane ba."

"Iya, zan gyara. Ƙaramin abu ne."

Ya sa kafinta ya yi masa ɗan akwatin katako na takawa. Ta ɗora ƙafa, akwatin ya motsa, ta janye, ba ta sake kallonsa ba. Bakanike ya ce akwai matakin ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen irin motar, amma sai an yi odarsa, kuma kuɗinsa ya kai na taya biyu. Tayoyin kuwa bai daɗe da canza su ba, ga haihuwa tafe. Ya ce a bari sai bayan an sauka lafiya.

Ƙarshen wata ya zo. Matarsa ta ce, "Ka ɗauko mata ƙaramar mota haya mana, ku je ku dawo."

"Ga mota a gida kuma in ɗauki haya? Kin san haya uku ta biya matakin nan? A yi haƙuri kaɗan."

Iya tana jin su daga ɗaki. Ta ɗaga murya ta ce, "Ku je ku gaishe ta. Ku ce ina nan tafe."

Suka tafi, kujerar gaba babu kowa, don matar ta ce kunya ba za ta bar ta ta zauna a wurin Iya ba. Motar ta yi tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Inna Ƙarama ta tarbe su a zaune, ta rame ƙwarai. Tana amsa gaisuwa, idonta na kan ƙofa.

"Ina Yaya?"

"Gwiwa ce, Inna."

"Gwiwar da take zuwa da ita shekara da shekaru, ita ce yau ta hana ta?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wata mai zuwa in Allah ya yarda.

Wata mai zuwa aka yi haihuwa, hidima ta cinye kuɗin matakin. Na bayansa wani babban aikin tagogi ya riƙe shi a shago. 'Yan'uwan biyu suna magana a waya, amma Iya ba ta ji sosai, Inna Ƙarama kuma numfashinta ba ya kai dogon zance. Yawanci sai dai kowacce ta yi ta kiran ɗayar har layi ya katse.

Yana tsaka da yanka wani madubi da hantsi aka kira shi. Inna Ƙarama ta rasu. Ya ajiye abin yanka, ya fita titi ya tare ƙaramar motar haya, bai ko tambayi kuɗin ba. A ƙofar gida Iya ta juya wa motar baya, ta zauna, ta jawo ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa ta. Suka yi nisa a hanya. Ta shafa kujerar ta ce, "Ashe har yanzu ana samun irin waɗannan motocin."

Ya kau da kai yana kallon waje. Direban ma ya rage rediyo.

Bayan an share makoki ya sa aka ɗaura matakin. Ya zo ya durƙusa ya ce mata an gyara, ta zo ta gwada. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. To ina za ni kuma?"

Motar dai ba ta da laifi. Injinta ƙalau, tana shan mai daidai yadda ya lissafa, jaririya ta samu wurinta, get na rufuwa a bayanta. Masu sha'awa har tsayar da shi suke yi su tambayi inda ya samo ta. Yakan gaya musu, amma ba ya ƙara yabo a kai.

Don Allah, kai da iyalinka suka ƙaru kana neman babbar mota, ka gwada wannan kafin ka miƙa kuɗi. Ka ɗauki wanda ya fi kowa rauni a gidanka, tsohuwa ce ko mai ciki ko mai sanda, ka kai shi filin. Ka buɗe ƙofar, ka mayar da hannunka baya, ka bar shi ya hau da kansa, ya kuma sauko da kansa. In dillali ya gaji da jira, ya gaji.