Ƙwanƙwasar Semese

A Funafuti, babban birnin Tubalu, ba a kai mamaci nesa. Ƙasar duka ba ta fi ɗan siririn zare a tsakiyar teku ba, ina nisan yake? Da Semese masunci ya rasu, a ƙofar ɗakinsa aka binne shi, aka dafe kabarin da siminti, aka yi masa rumfar kwano. A kansa matarsa Selepa take saƙar tabarma, a kansa take kankare kwakwa, da rana ma nan take kishingiɗa.

Tekun wannan tsibiri munafuki ne. Idan ya yi toroƙo, ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓullowa, sai kawai ka ga tsakar gida tana tsatsafo ruwan gishiri. A wata la'asar da teku ya yi irin wannan cika, Selepa ta fara jin abin a ƙarƙashinta: ƙwas, ƙwas. Ta ce, "Na ji ka, Baban Teuala. Tun kana da rai ba ka iya sallama ba."

Fasto ya ce ruwa ne ke ɗaga akwatin gawar yana buga siminti. Ta ce to. Duk da haka shekara da shekaru, duk cikar teku sai ya ƙwanƙwasa, ita kuma sai ta amsa.

'Yarta Teuala ta zo daga Niyu Zilan don ta tafi da ita.

"Haba Inna, ramin da kike shuka gwaza gishiri ya cinye, gidan nan nutsewa yake. Me kike gadi?"

"Ke dai da baki kamar na ubanki. In na tafi, wa zai amsa masa?"

Teuala ta yi fushi, amma ta zauna jiran cikar teku ta gaba, wai ta ji da kunnenta. Ranar ruwa ya ɓullo har idon sawu. Suka hau kabarin, suka naɗe ƙafafu, suka kasa kunne. Kaguwa na ta yawo a tsakar gida. Shiru.

Selepa ta ƙwanƙwasa simintin da kanta. Sai ya ba da amo irin na tulun da babu komai a ciki. Tsoron da ba ta ji ba duk shekarun nan, ranar ya kama ta.

Ta daɗe tana kallon teku, sannan ta ce, "Ya riga mu tafiya. Yaushe jirgin naku zai tashi?"