Yaya Lawali Bai Yarda Ba

Ku da kuka san Yaya Lawali kun san ko gaisuwa ba ya barin ta wuce haka nan. Ya tambaye ka gida, ka ce lafiya lau, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Lafiya lau? Wa ya auna?" Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, amma ko ni na ce masa an yi ruwa a Mayahi, sai ya taɓa bakin wandona ya ji ko da laima.

Aikinsa ne ya ƙara lalata shi. A ma'aikatar gandun daji ta Tasawa shi ne mai lissafin itatuwa. Tun da ba a iya ƙirga itacen ƙasa duka, sai a zaɓi gonaki kaɗan a auna, a ƙiyasta sauran. To, wajen zaɓin nan ake yin ta.

Na taɓa kai shi wani ƙauye bayan Kanan-Bakashe a kan moto, wato babur. Mai gari ya tarbe mu, ya ce, "Malam, ga gonata nan kusa, gawo kamar an shuka. Ku auna ku huta."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, in na auna taka, gobe a Yamai a ce Mayahi ta zama kurmi. Ƙuri'a za a yi."

Ya rubuta sunayen manoma, ya zuba a hularsa, ya girgiza, ya rufe ido ya zaro. Sunan mai gari! Jama'a suka fashe da dariya. Yaya ya leƙa cikin hular, ya dubi kowa, ya ce, "Wa ya taɓa hular nan?" Hular da tun asuba take kansa! Ya dai auna gonar, don shi ba ya saɓa wa ƙuri'a, amma a hanya ya raɗa mini, "Sun saye ta."

Sai kuma labarin garin Kona. Ya shafa wa wani babban gawo jan fenti a gonar wani dattijo, Malam Idi, don ya dawo baɗi ya ga ƙibar da ya ƙara. Da ya dawo ya zagaya igiyar awo, sai ya tarar itacen ya rame. Ya sake zagayawa. Ya kira mai gona.

"Malam Idi, gawo ba ya ciwon ciki. Me ya sami wannan?"

Dattijo ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Gaskiya na kankare fentin, na shafa wa ƙaramin. In gwamnati za ta ɗauka, ta ɗauki wannan. Babban nan shi ke ciyar da awakina."

Awon shekara guda ya tafi a banza! Yaya ya danne fushi, ya zauna ya yi masa bayani: itace nasa ne, ba mai karɓewa, ba tara. Malam Idi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ban yarda ba."

Wallahi Yaya ya dawo gida yana fara'a. Ya ce wa matarsa, Anti Rabi, "Yau na gamu da mai hankali."

A kasuwa kuwa, wayyo! Wata mai goriba ta miƙa masa ɗaya daga saman buhu ya ɗanɗana. Ya ce, "Na sama 'yan talla ne, Hajiya. Na ƙasa nake son gani." Ya naɗe hannun riga ya cusa har gwiwar hannu. Kunama ta ɗalle shi! Yana tsalle, yana yarfe hannu, gumi na zuba, amma ya samu bakin ce mini, "Ka gani? Na san akwai abin da take ɓoyewa!"

Da lokotoro, wato likita, ya ce hawan jini gare shi, cewa ya yi awo ɗaya ba awo ba ne. Ya je Mayahi aka auna, ya je Maradi aka auna, ya zauna ya fitar da matsakaici. Bai sauka ba. Anti Rabi ta ce, "To, Malam, sai shan magani." Ya ce, "Sun haɗa baki." Ya dai riƙa sha, amma sai ya karanta kwalin tukuna, gaba da baya, kowace safiya.

Ciwonsa na ƙarshe, ina zaune bakin gadonsa da hantsi, na ce, "Yaya, ka ji sauƙi fa. Sati mai zuwa kana kan moto." Na gyara zama ina jiran gardama. Sai ya kama hannuna, ya yi murmushi, ya ce, "To."

Nan na fita waje na yi kuka.

Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai tasa. Amin.