Yaya Hussaina, Ba Ke Za Ki Ja Ta Ba

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, Hajiya Hussaina Isa, mai masar unguwar Gangare, tana da shekara hamsin da bakwai. Tana zaune gaban tanda ta ce kanta na sarawa, sai baki ya karkace, hannun dama ya saki. Kafin a kai ta asibiti magana ta ɗauke. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Mu na Allah ne, wurinSa kuma za mu koma.

Yaya, ni ne Jabir, autanku, wanda kika goya har ƙafafunsa na jan ƙasa. Na girma ina ganin masar farko da ta fito daga tandarki ba ta sayarwa ba ce, ta masu shara ce da 'yan dako. Shekarar da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, Firisila mai kawo miki kabeji daga unguwar Congo-Russia ta maƙale a unguwarmu. Kika shigar da ita ɗakinki, kika zauna a bakin ƙofa kina tsince shinkafa kamar babu komai, har ƙura ta lafa. Ta zo gaisuwa, ta faɗi a tsakar gida tana cewa da 'yar Hausarta, "Mamana ya tafi!" Babu wanda bai share hawaye ba.

Amma wallahi akwai maganar da na ji a zaman makoki wadda ba zan haɗiye ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Ikon Allah, lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi ba." Ina ƙalau ɗin yake? Shekaru kina fama da hawan jini, suga ya biyo baya. Ƙibar da muke yaba miki, muna cewa Hajiya ta murje, ita ke sa ki haki daga ɗaki zuwa zaure. Kikan wuni a kan kujera 'yar tsugunno cikin hayaƙin itace, miya kuwa in ba ta ji gishiri da dunƙule ba sai ki ce ta marasa lafiya ce. Ƙwayar da aka ce ki sha kullum, da kin ji sauƙi sai ki ajiye, wai jinin ya sauka, kamar maganin zazzaɓi. Haka Baba ya faɗi a kasuwa, shi ma aka ce fuju'a ce. Na yarda da ajali ɗari bisa ɗari, amma Wanda Ya rubuta ajalin Shi ne Ya hore mana magani.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Yaya Hassana, wadda kuka zo duniya rana ɗaya. Tun ranar uku tsofaffin unguwa ke raɗa a gefenta, wai 'yan biyu ba sa jure rabuwa, wai za ki ja ta. Ta ji, kuma ta ɗauka. Na je gidanta a Tina Junction na tarar ta fito da atamfofinta tana raba wa 'ya'ya, maganin hawan jininta kuwa yana bayan madubi, ƙura ta rufe kwalin. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce, "Auta, me zan yi da ƙwaya, alhali ana jira na?"

Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Matar da ta tsare ran baƙuwa da jikinta, ita ce za ta dawo ta ɗauke 'yar'uwarta daga kan marayu? Na ƙi. Abin da ke bin Hassana ba daga kabari yake ba. Jininsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, zamansu iri ɗaya, kuma duk ana aunawa, ana kuma yi musu linzami. Na faɗa mata, ina kuma faɗa a nan kowa ya karanta: gishirin gidanta na rage shi da hannuna, da yamma za mu riƙa takawa tare ko tana zagina, ranar Litinin kuma a gaban likita za ta karya kumallo. Duk tsohuwar da ta sake zancen ja a kunnenta, ta yi haƙuri da abin da zai fito daga bakina.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yalwata makwancinki, Ya sa ciyarwar da kika yi ta zame miki inuwa. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Alhaji Gwadabe, da 'ya'yanki Salma da Abdulfatah, da Yaya Hassana, da dukan mutanen Gangare. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Yaya Hussaina, na san kina kewar Hassana, ko rana ɗaya ba ku taɓa yi ba ku ji muryar juna ba. Ki yi haƙuri ki jira. Ranar da Mai ita Ya kira ta ba mu da ta cewa, amma mu dai ba za mu miƙa ta da hannunmu ba.