Wasiƙar da Na Musanya a Deira

Kafin in zama abin da zan ba ku labari, ni ma'aikacin kago ne a Deira, wata unguwar kasuwanci a Dubai. Ina auna kayan 'yan kasuwar Kano, in naɗe su da leda, in rubuta suna a jikin kwali. Shekara bakwai ba wanda ya taɓa cewa ko allura ta ɓata a hannuna. Albashina yana isata, har ina aika wa mahaifiyata.

Ciwona mutum ɗaya ne, Sabi'u. Unguwarmu ɗaya, benci ɗaya muka zauna a firamare. Akwai wani marubucin barkwanci da ya rasu tun ba a haife mu ba, wanda iyayenmu kan karanta shafinsa a jarida suna riƙe ciki. Ni na fara nuna wa Sabi'u littafinsa, daga akwatin babana na zaro shi. To sai Allah ya buɗa wa Sabi'u. Ya yi shago a Al Buteen, nan cikin Deira, ya zama Alhaji, ya shiga tara kayan marigayin: bugun farko na ƙananan littattafansa, tsofaffin jaridu, alƙalami, har da wani tabarau mai ƙafa ɗaya da aka ce nasa ne. Ya jera su a akwatin gilashi. Duk Juma'a in an sakko masallaci mutanenmu kan cika shagon, ya karanta musu, a yi ta ƙyaƙyatawa. Karatun ma bai iya ba, wurin dariyar yake cinyewa da sauri. Amma shi ake kallo. Ni kuwa sai ya nuna ni ya ce wannan abokina ne, shi ke kula mini da kaya. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da ƙaramin abu na fara. Kayansa daga gida ta ofishinmu suke bi. Ran nan aka aiko masa da ɗaurin tsofaffin jaridu, na zare biyu, na ce ba zai lura ba. Bai kuwa lura ba. Ban sayar da su ba, ko karantawa ban yi ba. Daɗin da na ji kawai shi ne ya rasa su.

Sai ga babbar ta zo. Wata jikar marigayin ta yarda ta ba shi amanar wasiƙar da kakanta ya rubuta wa matarsa da hannunsa, yana tsokanarta kan yawan gishiri a miya. Iyalin sun ce cikin takardunsa na gidan ita kaɗai ta rage, gara ta cinye sauran. Wata guda Sabi'u ba shi da zance sai nata. Da wasiƙar ta iso a hannun wani fasinja, ni aka ba in kai masa. Na ce masa jirgin ya yi jinkiri, sai jibi. Kwana biyu na zauna ina kwaikwayon rubutun a wata tsohuwar takarda. Don ta yi ja irin na tsufa, na sauka kantin shayin ƙasan bene na sayo karak, shayin nan mai madara da kayan ƙamshi da muke sha safe da yamma, na shafa mata da auduga, na shanya a taga. Ta jabun na kai masa. Ta gaskiyar na cusa a wani kwali a ƙarƙashin gadona. Ya rungume ni har da ƙwalla.

Tunda ta shige, sai na mai da abin sana'a. Ganin Sabi'u ya sa wasu 'yan kasuwa uku suka shiga sha'awar tarawa. Na riƙa kawo musu wasiƙu, ina cewa daga gidajen abokan marigayin aka samo. Ba kuɗin ne ya fi daɗaɗa mini ba. So nake kowa ya samu, don ta Sabi'u ta daina zama abin kallo.

Wata Juma'a mai zafi na'urar sanyaya shagon ta lalace. Malam Isyaku, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai gadi a otal, ya roƙa a buɗe gilashin ya taɓa wasiƙar don tabarruki. Ya riƙe ta, ya kai hanci, ya sake kaiwa.

"Alhaji, marigayin nan ya taɓa zuwa Dubai ne?" in ji shi. "Takardar nan ƙamshin karak take yi, habibi."

Aka fashe da dariyar da ba a taɓa yin irinta a shagon ba. Sabi'u bai yi ba. Ya karɓa ya shinshina, sannan ya ɗago ya dube ni.

Sauran ukun suka koma suka shinshina nasu. Su suka kai ƙara, ba shi ba. Kotu ta same ni da zamba, aka yanke mini ɗauri, bayansa kora daga ƙasar. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Sau ɗaya Sabi'u ya zo gidan yari. Na shirya wa zagi, ban samu ba.

"Ni na yafe maka, khalas, ya wuce," ya ce. "Gaya mini inda ta gaskiyar take. Amanar jikar marigayin ce a wuyana."

Na gaya masa kwalin. Ya je, ya tarar mai gidan da nake hayar gado a ciki ya riga ya ba wani gadona, tarkacena kuma an fitar bakin titi, masu tara kwali sun kwashe. Daga baya na ji ya yi kwanaki yana bin ɗakunan ajiya a Ras Al Khor, inda ake kai tsofaffin kwalaye, yana tambaya. An riga an danne, an markaɗa. Shi da bakinsa ya kira jikar ya gaya mata, kuma tun daga nan ya daina karatun Juma'a.

Yanzu ina Kano, ina ɗaure kaya a tashar mota. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Ku matasa, musamman masu shirin fita waje, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. In Allah ya ba abokinka abin da kake ganin kai ka fi cancanta, ka ce masa Allah ya ƙara, ko da zuciyarka na tafasa, ka maimaita har ta huce. Kada ka ɗauki ko da takarda ɗaya don ka rage masa. Ni ban taɓa roƙon Allah ya ba ni wasiƙar nan ba. Burina kawai kada Sabi'u ya same ta. Burin ya cika, ga shi yau ba shi da ita, ni ma ba ni da ita, jikar marigayin ma ba ta da ita.