Yadda Hira da Surukata Ta Dawo Mini da Numfashi

Ina gaishe ku, da duk masu karanta wannan fili. Lokacin da abin ya same ni, matar aure ce ni a Gangara, mai ƙarfi, ina daka ina surfe ban san gajiya ba. Shekarun fari ne, gero ya bushe a tsaye, mijina ya bi fatake zuwa Nijar neman abin da za mu ci, ya bar ni da uwarsa, wadda nake kira Inna. Bayan na haihu sai ƙafafuna suka kumbura, numfashi ya riƙa yanke mini. A asibitin Sakkwato aka ce zuciyata ce ta raunana.

Da na ji sauƙi, wata ma'aikaciyar jinya ta sa ni tafiya a baranda don ta ga iya ƙarfina. Ban kai ƙarshenta ba na dafa bango ina haki, hawaye suka zubo mini. Ta ce kowa daga nan yake farawa. In riƙa shan magani, in bar kunun kanwa, in yi tafiya kullum ina ƙarawa kaɗan kaɗan. Ma'aunin kuwa magana ce: in ina tafiya ina iya hira, lafiya lau, in ta gagara in tsaya.

Da muka koma gida tsoro ya kama ni. Inna ma, don tausayi, ko buta ta hana ni ɗauka. Na kwanta abina, kuma har yau ina nadamar wannan kwanciya, don da muka koma asibiti tafiyata ta ragu kan ta farko. Sai ma'aikaciyar ta zaunar da Inna ta yi mata bayani. Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "In dai surutu ne maganin, ɗiyata, kin samu likita."

Rijiyoyin kusa duk sun ƙafe, mata sai su tafi ta nesa da safe. Muka riƙa bin su a baya, ni hannu sake, Inna goye da jariri. Da can kunya ba ta barina in haɗa ido da ita, yanzu kuwa dole in amsa, don da amsata take auna numfashina. Ta tambaye ni ko daddawa tana yawa a miyarta, na ce tana yi. Ta ba ni labarin ranar da jaki ya kayar da ita a tsakiyar kasuwar Isa tana budurwa. Na yi dariya har na durƙusa, ita kuma ta ruɗe tana salati, ta zaci zuciyar ce.

Da farko a gindin tsamiyar bayan gari muke juyowa, daga baya muka wuce gonaki. Ranar da na isa rijiyar da ƙafata, mata suka ajiye guga suka yi mini guɗa kamar amarya. Da muka sake komawa asibiti, na yi ta kai da kawo a barandar nan ina ba ma'aikaciyar labarin jakin Inna.

'Yan uwana, in likita ya ce ku motsa, ku motsa daidai yadda ya ce, kada tsoro ko tausayin dangi ya kwantar da ku. Ku nemi abokin tafiya mai surutu. Ni tawa tana cikin gida tun ranar da aka kai ni amarya, ina sunkuyar mata da kai.